Toka ba ɗaya ba ce: Agreeable Gray ko Repose Gray, wanne zai karɓi ɗakinka?

Duk mai yawan leƙa shafukan masu ƙawata gida a Instagram, TikTok ko Pinterest ya san ruwan toka ya daɗe da karɓe gari. Falo ruwan toka, ɗakin kwana ruwan toka, shagon aski ruwan toka. Hatta 'yan bidiyon barkwancin nan da ake ɗauka a ɗaki, ka lura da bangon da ke bayan mai magana, sau tari toka-toka ne, ga silin na POP, ga siririyar fitila ta zagaye shi. A wurin masu fentinmu sunan abin guda ɗaya ne tak: "ash kala". Da ka faɗi haka an gama ciniki, sai a buɗe bokitin fari, a tsiyaya baƙi, a juya.

A Amurka, inda da yawa daga cikin hotunan nan suka fito, zancen bai zo da sauƙi haka ba. Can kowane ruwan toka da sunansa da lambarsa, kuma akwai guda biyu da aka shafe shekaru ana musu a kansu kamar musun Madrid da Barca: Agreeable Gray da Repose Gray. Dukansu na kamfanin Sherwin-Williams ne, wanda aka kafa a birnin Cleveland na jihar Ohio tun 1866. Na farko lambarsa SW 7029, na biyu SW 7015. Ka ajiye katinsu gefe da gefe a kan tebur ka kira abokanka, wasu za su rantse maka fenti ɗaya ne aka canza wa suna. Amma a shafa su a bango, sai ka ga ɗaya ya ba da ɗaki mai daɗin zama, ɗayan kuma a wani ɗakin ya koma shuɗi-shuɗi kamar wurin jiran ganin likita.

To me ya shigar da mu rigimar da ba a garinmu ake yi ba? Hotunan ne. Saurayi na shirin aure, an ba shi ɗaki biyu da falo ya gyara. Ya ga wani falo a Instagram ya burge shi, ya yi sikirinshot, ya miƙa wa mai fenti waya: "Malam, irin wannan sak nake so." Bayan kwana uku bokitai sun tafi, kuɗin aiki ya tafi, amarya ta zo duba gida da ƙawayenta ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Wannan ai ba shi ba ne." Mai fenti ya ce shi ne, ango ya ce an cuce shi. Abin haushin, yana yiwuwa cikin su ukun ba wanda ya yi ƙarya. A yadda farashin kayan gini yake yanzu kuwa, sake fentin gida daga farko ba abin da za a yi dariya a kansa ba ne.

Abin da ke cikin gwangwanin

Kamfanonin fenti na can suna rubuta wani ma'auni a bayan katin kowane launi, ana ce masa LRV. Lissafi ne na yawan hasken da bango ke mayarwa idan ya faɗo masa, daga 0 wato baƙi wuluk, zuwa 100 wato fari tas. Agreeable Gray yana kan 60, Repose Gray yana kan 58. Tazarar maki biyu ce kacal. Ma'ana Repose ya ɗan fi duhu, amma ɗan kaɗan ne ƙwarai, ba abin da za ka gane daga shigowa ɗaki ba. Don haka duk wanda ya ce maka ya zaɓi ɗaya saboda "ya fi haskaka ɗaki", da sauran bayani a bakinsa.

Inda suka rabu na ainihi shi ne ɓoyayyen launin da ke ƙarƙashin tokar. Kwamfuta da waya suna haɗa kowane launi ne daga abu uku, ja da kore da shuɗi, kowanne daga 0 zuwa 255. Tsantsar ruwan toka shi ne wanda lambobin nan uku suka zo daidai wa daida. Agreeable Gray nasa su ne ja 209, kore 203, shuɗi 193. Repose Gray kuma ja 204, kore 201, shuɗi 192. Duba da kyau: a shuɗi bambancinsu 1 ne, a kore 2, a ja 5. Duk hayaniyar da ake yi a intanet a kan waɗannan 'yan lambobin ne.

Akwai abin da lambobin ke nunawa da masu musun kan manta. A dukansu biyun ja ya fi shuɗi yawa, da 16 a Agreeable, da 12 a Repose. Ke nan babu tsantsar toka a cikinsu, dukansu sun karkata zuwa ruwan ƙasa. Idan ka ji ana cewa Repose "mai sanyi" ne, sanyin nasa na kwatance ne kawai, sai an jera shi kusa da ɗan'uwansa. Agreeable ya fi shiga ruwan ƙasa har ake kiran irinsa da suna greige, wato tsakanin toka da ruwan madara mai duhu. Repose ya fi kama da abin da mu za mu kira toka, kuma masu ƙawata gida na yawan cewa a wani hasken yakan ɗan leƙo da shunayya, a wani kuma da kore ko shuɗi.

A katin da bai fi tafin hannu ba wannan ɓoyayyen launi ba ya fitowa. Sai an shimfiɗa shi a bango huɗu, kowane bango yana mayar wa ɗan'uwansa haske, sannan abin da ke ɓoye ya ninka kansa ya bayyana.

Idonka ba sikeli ba ne

Waɗanda suka riga mu fara amfani da waya za su tuna rigar nan ta watan Fabrairun 2015. Hoto ɗaya ne na wata riga da uwar amarya za ta sa a wani biki a Sukotland, amma duniya ta rabu gida biyu: wasu na ganin fari da ruwan zinare, wasu na ganin shuɗi da baƙi. Kamfanin da ya ɗinka ta, Roman Originals, ya fito ya ce shuɗi da baƙi ce. Bayanin da masu binciken gani suka yi daga baya shi ne ƙwaƙwalwa ba ta karɓar launi yadda ya shigo ido. Sai ta fara cankar wane irin haske ne a wurin, ta cire shi, sannan ta gaya maka launi. Wanda ƙwaƙwalwarsa ta ɗauka rigar a inuwa take sai ya ga fari da zinare. Wanda tasa ta ɗauka fitila mai rawaya ce ta haska ta sai ya ga shuɗi da baƙi.

In har shuɗi da baƙi za su iya raba kan mutane haka, ina ga toka biyu da ja 5 ne tsakaninsu?

Matsalar ma ta girmi intanet nesa ba kusa ba. A 1824 aka naɗa wani masanin kimiyyar sinadarai, Michel-Eugène Chevreul, ya kula da sashen rini a masaƙar Gobelins da ke Paris. Ana ta kawo masa ƙorafin cewa baƙin zaren da marina ke bayarwa ba shi da ƙarfi, yana kama da wanda ya kode. Ya gwada zaren ya ga lafiyarsa ƙalau. Laifin na maƙwabta ne: launin da aka saƙa kusa da baƙin shi ke canza yadda ido ke ganinsa. Ya rubuta littafi sukutum a kan haka a 1839. Mutumin ya yi shekara 102 a duniya, amma wannan wani labarin ne. Abin da ya gano shi ne ido na tura kowane launi zuwa kishiyar maƙwabcinsa, kuma ba launin da wannan ya fi kamawa irin toka, saboda ita ba ta da wani ƙarfi nata na kanta. Ka ajiye ta kusa da ruwan goro ko jan katako, sai ta yi shuɗi-shuɗi. Kusa da kore, sai ta ɗan yi ruwan hoda. Kusa da rawaya, sai shunayya ta leƙo.

In kana son gani da idonka, nemi hoton nan na allon dara mai inuwa da Edward Adelson na jami'ar MIT ya fitar a 1995. Gida biyu ne a allon, an sa musu A da B, ɗaya kamar baƙi ɗaya kamar fari. Toka ɗaya ce sak. Ko an gaya maka, idonka ba zai yarda ba sai ka rufe sauran hoton da yatsu.

Yanzu ka dawo kan sikirinshot ɗin da aka kai wa mai fenti. A darasin ɗaukar hoto, tun a zangon farko ake koya mana ɗaga farar takarda a gaban kyamara kafin a fara aiki, don a gaya mata "wannan shi ne fari a hasken nan". Waya ba ta jiran takarda, canka take yi da kanta, kuma kowane kamfani da yadda ya saita tasa. Bayan ta canka, mai shafin ya ɗora filta, ya ƙara haske don ɗakin ya yi faɗi. Hoton ya bi ta WhatsApp an matse shi. Ya sauka a wayarka wadda wataƙila ka kunna mata abin kare ido da ke mayar da allo rawaya-rawaya da daddare. Daga nan mai fenti ya kalle shi a tsakar rana a bakin shago, ya haɗa da ido. Tsakani da Allah, a wannan doguwar hanya ina ja 5 zai tsira? Daga hoton waya ba wanda zai iya rantse maka Agreeable ne ko Repose, ko da shi ya shafa fentin.

Shawarar Ohio, ranar Kano

Idan ka karanta abin da Amurkawa ke rubutawa kan launukan nan, za ka ga kusan kullum daga taga suke farawa. Ɗakin da tagarsa ke kallon arewa, in ji su, haskensa mai sanyi ne, don haka Repose zai yi shuɗi, gara Agreeable. Wanda ke kallon kudu kuma rana na shiga sosai, Repose zai zauna daidai, Agreeable na iya komawa ruwan madara. A wurinsu gaskiya ne. Cleveland tana wajen digiri 41 arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka da tsakar rana kullum rana ta kudu take, rani da damina. Tagar arewa hasken sararin sama kawai take samu mafi yawan yini, shi kuwa shuɗi ne.

Kano tana digiri 12. Sakkwato, Maiduguri, Yamai da Damagaram duk ba su yi nisa da haka ba. A nan, daga wajen ƙarshen Afrilu zuwa wajen 20 ga Agusta, rana da tsakar yini ta ɓangaren arewa take bi, sauran shekara ta dawo kudu. Kuma mafi yawan lokaci a saman kai take, ba ta cika kutsowa ta tagar arewa ko ta kudu ba. Tagogin da ke yanke hukunci a wurinmu su ne na gabas da na yamma. Na gabas yana samun rana da safe, daga azahar ya koma inuwa. Na yamma kuwa daga la'asar sai hasken nan mai ruwan goro ya cika shi, wanda zai iya mayar da Agreeable kamar ruwan madara, ya kuma tausasa Repose ya yi kyau. Wanda ya kwafo dokar "arewa da kudu" kai tsaye ya kwafo amsar jarrabawar wata makarantar.

Sannan ginin namu ma daban ne. Hotunan can za ka ga taga kusan rabin bango, daɓen katako, farin katako a gindin bango da gefen ƙofa, waje kuma ciyawa da bishiyoyi. Mu tagarmu ƙarama ce, ga ƙarfe, ga raga, ga labule mai kauri hawa biyu, taku uku kuma katangar maƙwabci. Ɗan hasken da ya samu shigowa ya riga ya bugi jar ƙasar tsakar gida ko fentin katangar ya ɗebo launinsu. Da hunturu kuma, lokacin da iska ke kwaso ƙura daga Sahara, musamman kwarin Bodele na ƙasar Chadi, hasken kansa sai ya dusashe ya yi fari-fari na tsawon makonni.

Saboda haka a yawancin ɗakunanmu ba rana ce ke mulki ba, ƙwan lantarki ne. Ka ɗauki kwalin ƙwan da ka saya ka duba, za ka ga lamba da harafin K. Mai 2700K zuwa 3000K shi ne mai haske rawaya-rawaya irin na tsohon ƙwai mai zafi. Mai 4000K tsaka-tsaki ne. Mai 6500K shi ne fari kar mai ɗan shuɗi, kuma irinsa ne ya cika kasuwanninmu, shi ne kuma a yawancin fitilun caji da na sola da muke komawa gare su in an ɗauke wuta. A ƙarƙashin 6500K ɗan ruwan ƙasan da ke cikin Repose, wanda dama 12 ne, yakan ɓace, bango ya yi sanyi. Agreeable da yake da 16 yana da ɗan abin da zai rage masa, sai ya fito a matsayin tokar da mutum ya gani a hoto tun farko. Abin dariyar ke nan: mai son kamannin Repose, in fitilarsa fara ce kar, Agreeable ne zai fi ba shi abin da yake nema.

Ita kuma siririyar fitilar silin mai canza launi da rimot, shuɗi yanzu, ja anjima, ba ta cikin lissafi. In ka kunna ta ko wane fenti ka shafa launinta zai ɗauka.

Ango ya yi fenti, dangin amarya su kawo kaya

Ga wani abu da ba za ka taɓa gani a shawarwarin can ba, alhali a wurinmu shi ne gaba da komai. Ba'amurke na zaɓar fenti ne kujerunsa da kafet ɗinsa na cikin ɗakin, yana kallonsu. Mu kuwa al'adar ta raba aikin biyu: ango ke gyara gida, dangin amarya ke sayen gado, wadrof, kujeru, labule da kafet. Sau da yawa ɓangarorin biyu ba sa haɗuwa sai ranar jere, lokacin da fenti ya bushe tun tuni. Ango ya zuba toka mai sanyi saboda ya ga ta yi kyau da baƙar kujera da farin tayil a hoto. Gwaggonni su sauke saitin kujeru ruwan zuma mai ratsin zinare, da labule ruwan goro. Ka tuna Chevreul: kusa da waɗannan launukan tokar za ta ƙara yin shuɗi, su kuma kayan su ƙara yin ja. Kowane ɓangare kayansa masu kyau ne, amma ɗakin ya zama kamar an haɗa mutum biyu da ba sa ga maciji.

Maganin bai wuce saƙo ɗaya ba. 'Yar'uwa, in kin san launin kayan da aka saya miki, ki gaya masa kafin ya sayi bokiti ko ɗaya. In da hali ki aika masa da ƙyallen labulen ko hular filon kujera, abin da zai riƙe a hannu ya kara a bango, ba hoto ba. Kai kuma ɗan'uwa, tambayar ba rashin kunya ba ce. In ba ka iya yi da kanka, ai kana da ƙanne mata.

Tayil ma haka. Shi ba ya canzuwa cikin sauƙi, in gidan haya ne ma ba ka da ikon taɓa shi. Yawancin gidajen da na shiga tayil ɗinsu ruwan madara ne ko ruwan ƙasa, kuma daɓe shi ne babban maƙwabcin bango.

To wanne?

A nawa ganin, ga ɗakin da aka saba gani a nan, mai ƙaramar taga, farin ƙwai, tayil ruwan madara da kayan katako, Agreeable Gray ko wani mai kama da shi ne zai fi zama lafiya. Yana da isasshen ruwan ƙasa da zai yi zumunci da daɓen da kayan, kuma farin ƙwai ba zai daskarar da shi ba. Ina kuma ganin ya fi haƙuri da ƙurar hunturu, tunda ita ma ƙurar ruwan ƙasa ce, ba za ta yi saurin tona kanta a kansa ba kamar yadda za ta yi a toka mai sanyi.

Repose Gray na da nasa wurin. In tayil ɗinka fari ne ko mai ratsin toka irin na mabul, kujeru baƙi, shuɗi mai duhu ko toka, kuma ka yarda ka sayi ƙwai mai 3000K ko 4000K, zai ba ka tsaftataccen ɗakin nan na zamani da Agreeable ba zai iya ba. A irin wannan ɗakin Agreeable ne ma zai iya yin kamar farin da ya yi datti. Masu ɗaukar bidiyo a ɗaki su ma su lura: fitilar zobe da kuke haska fuska da ita tana da maɓallin fari da na rawaya, kuma bangon bayanku zai canza duk lokacin da kuka taɓa shi.

Wani abin lura, can inda aka faro yayin ma an fara gajiya da shi. Kamfanin Pantone ya zaɓi wata toka mai suna Ultimate Gray cikin launuka biyu na shekarar 2021, tare da wata rawaya. Ba a daɗe ba sai ga matasa a TikTok na yi wa gidajen yayyensu tsiya da sunan "millennial gray", wai komai toka kamar ofis. Masu sayar da gidaje a Amurka sun so launukan nan ne dama saboda ba sa ɓata wa kowane mai saye rai. Wannan dalilinsu ne. Kai da za ka kwana ka tashi a ɗakin, ka tabbatar tokar kake so, ba don ta cika maka waya ba.

In ka je kasuwa

Fentin Sherwin-Williams ba abin da za ka tarar a kowane shago a Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari ba ne, kuma ba dole sai shi ba. Hanya biyu ce a gabanka. Ta farko, ka je manyan shagunan kamfanoni irin su Dulux ko Berger masu injin haɗa launi, ka zaɓa daga katinsu na takarda. Ka ɗauki katin toka biyu ko uku ka ɗora a kan farar takarda, nan take za ka ga wanne ya karkata ruwan ƙasa, wanne shuɗi. Amfanin inji shi ne lambar da ka saya yau ita za a sake haɗa maka in bokiti ya gaza.

Ta biyu ita ce wadda akasarinmu ke bi saboda aljihu: mai fenti ya haɗa da hannu. A nan ka san abu ɗaya. Fari da baƙi zalla in aka gauraya su ba sa ba da irin waɗannan tokar, toka mai ɗan shuɗi suke bayarwa, wadda ta fi Repose ma sanyi. Shi ya sa "ash kala" da yawa ke fitowa kamar siminti. Kafin ta yi ɗumi sai an ɗiga rawaya mai duhu da ɗan ja ko ruwan ƙasa, kaɗan-kaɗan. Tsofaffin hannu a sana'ar sun san haka, amma in ba ka faɗa ba za a ba ka abin da aka saba. Ka ce masa, "Malam, tokar da ta ɗan ja ruwan ƙasa nake so, ba mai shuɗi ba." Wannan jimlar ta fi sikirinshot goma amfani.

Kowace hanya ka bi, kada a taɓa bango sai an yi gwaji. Ka samu faffaɗan kwali biyu, kowanne ya kai kamar rabin mita, a shafa musu hannu biyu, a bar su su bushe sosai, don fentin ruwa yakan ɗan ƙara duhu bayan ya bushe. Kwali ya fi shafawa a bangon kai tsaye, saboda tsohon fentin da ke kewaye zai ruɗe maka ido, kuma kwali za ka iya yawo da shi. Jingina shi a bangon da ke kallon taga, ka mayar da shi lungun da ya fi duhu, ka sauke shi ƙasa ya taɓa tayil. Ka duba da safe, da la'asar, da daddare a hasken ƙwan da za ka zauna da shi, sannan a hasken fitilar caji. Kwana biyu sun isa. In za ka canza ƙwai, ka canza kafin gwajin, ba bayan an gama fenti ba.

Ka kuma gwada da irin fentin da za ka saya. Mai ɗan sheƙi, wanda ake iya gogewa da jiƙaƙƙen tsumma, yana mayar da haske fiye da marar sheƙi, don haka launi ɗaya na iya fitowa daban a cikinsu. Mai sheƙin ya fi jure hannun yara da ƙura, amma yana tona duk wani tudu da kwarin da mai filasta ya bari.

In da hannu aka haɗa, kada ka yarda a riƙa haɗawa bokiti-bokiti. A juye duk abin da ɗakin zai ci a babban mazubi guda, a haɗa sau ɗaya, in ba haka ba bangon gabas da na yamma za su fito kamar 'yan uba. Sannan kafin mai fenti ya wanke burushi, ka cika jarka mai murfi da ragowar, ka rubuta sunan ɗakin a jikinta ka ajiye inda rana ba ta bugu. Ranar jere gado da wadrof sai sun gogi bango a wajen shiga da su, kuma ba mai fentin da zai sake haɗa maka wannan tokar da ido ta fito daidai.